Jigo a Bayan Igiya

Luba ce ta matsa mini.
"Kaka, yau ba Kwalkwalawa. Albasa ba ta da ƙafa."
Na sa rigar Juma'a ranar Talata,
muka bi kabu-kabu biyu cikin Sakkwato,
rana na dukan kwanon gidaje kamar mai bin bashi.

Gidan adana kayan kimiyya, in ji allon ƙofa.
Sanyin na'ura ya mare ni tun daga zaure,
gwiwoyina suka ce ba da su aka yi shawara ba.

Farko wani tulun gilashi
da aka ɗaure walƙiya a cikinsa kamar akuya.
Na kai yatsa, ta biyo yatsan.
Na ce a'uzubillahi, na sake kaiwa.
Gaba kaɗan na dafa wata ƙwaryar ƙarfe,
gemuna ya miƙe ɗai-ɗai,
'yan makaranta suka zube da dariya.
Na bar su. Ko ni da na ga madubi sai da na dara.

Sai Luba ta ce in rufe ido guda.
Ɗigon ruwan Rima ne a ƙarƙashin madubin likita,
ga wasu halittu na kai da kawowa,
wannan da gashi, wancan da wutsiya,
kowa na sauri kamar ranar kasuwa.
Shekara saba'in da huɗu
ina haɗiye gari guda da safe
ba wanda ya yi mini sallama.

A ɗakin duhu suka kunna dare da azahar.
Na gane Kaza da 'Ya'yanta tun ba a nuna ba.
Yaron da ke jagora, Malami,
ya ce hasken ya baro gida tun kakannin kakanni ba su zo ba.
Na yi shiru.
Ashe tsohon saƙo nake karantawa
duk daren da na kwana gadin gona.

Can a lungu, bayan farantan da ke shan rana,
na gan shi.
Jigo.
An kewaye shi da jar igiya kamar mai laifi,
an rubuta masa suna a ƙaramin allo,
gugansa a bushe, ko laima babu.

Ba tsufansa ya dame ni ba.
Ɗaurin ne.
An kai curin laka kusa da gwafa,
wannan ko ɗan tsako ba zai shayar ba,
sai dai ya karya bayan mutum kafin hantsi.

Na ɗaga ƙafa na ƙetare.
"Baba, ba a taɓawa!"
Na ce, "Ɗana, wa ya ɗaure wanga?"
Bai sani ba. Daga hoto aka kwafo.

Na kwance, na ja laka baya taki guda da rabi,
na ɗaure irin ɗaurin da Baffa Ciso ya koya mini da ranƙwashi.
Na kira ƙaramar cikinsu, mai giɓi,
ta ja da yatsa biyu,
gugan ya sunkuya, ya tashi shi kaɗai.

Luba ta ɗauki alli:
nauyi nan, nisa nan, ga alama a tsakani.
Wai abin da kafaɗata ta sani
yana da lissafi, har ana faɗuwa jarrabawarsa.
Malami ya fito da biro.
"Baba, mi as sunanka?"

Da la'asar na sauka fadama, ban tuɓe rigar ba.
Famfon maƙwabcina na zuba ruwa da ƙarfin rana,
ba nishi, ba gumi.
Na tsuguna bakin kwalbati,
na kamfato da tafin da ya yi kanta,
na duba sosai.
Ban ga kowa ba.
Na dai yi musu sallama, na sha.